Zauren Malam: Takardar Da Ke Biyo Bayan Rakiya



Rakiya al'adarmu ce tun a gida. In mutum zai yi tafiya ba a barinsa ya fita shi kaɗai, sai a ɗaukar masa kaya, a kai shi tasha, a yi addu'a, a ba shi saƙo. Da muka zo Ingila ba mu yar da wannan hali ba, sai dai tasha ta koma filin jirgin sama. Lokacin Umra da na Hajji, da lokacin da fatake ke zuwa Ankara da Kumasi, da wuya a yi mako guda ba a ga motocin zongo biyu ko uku sun bi juna zuwa Hitro ko Gatwik ba. Wannan abu ne mai kyau, Allah ya bar zumunci. Amma a 'yan shekarun nan rakiya ta yi wutsiya. Bayan mako guda ko biyu sai ga takarda ta gidan waya, da hoton mota a jikinta, ana neman fam 80 ko fam 100. Irin waɗannan takardu sun yi yawa a hannun jama'armu, har iyayen yara su kan kawo mana su makaranta mu duba. Sabo da haka muka ga ya kamata zauren wannan wata ya zama a kansu.

ASALIN ABIN

Dā kyauta a ke sauke fasinja a ƙofar waɗannan filaye biyu. A watan Maris 2021 Gatwik ta sa kuɗi fam 5, Hitro kuma ta bi sahu ran 1 ga Nuwamba 2021, ita ma fam 5. Kuɗin bai tsaya nan ba, domin a Janairu 2026 na Hitro ya kai fam 7, na Gatwik ya kai fam 10. Abin da ke ruɗa dattawa shi ne babu ƙofa, babu shinge, babu akawu mai miƙo tikiti. Na'urar ɗaukar hoto ce kawai a sama, tana karanta lambar ko wace mota da ta shiga. Mutum ya sauke baƙonsa, ya yi tafiyarsa, ba wanda ya ce masa kanzil. Alhali an rubuta bisa alluna cewa ya biya ta intanet ko ta waya kafin ƙarfe 12 na daren kashegari. Ko wace mota da nata kuɗin, ko wace shiga kuma da nata. In motoci uku suka yi rakiya, sau uku za a biya. In direba ya ɓata hanya, ya kewayo ya sake shiga, ya zama biyu ke nan.

In lokaci ya wuce ba a biya ba, kamfanin da filin jirgi ya ba aikin lura da wurin sai ya kai lambar motar ofishin DVLA, inda a ke rajistar motocin ƙasa. Ya biya fam 2 da rabi, a ba shi suna da adireshin wanda motar ke hannunsa bisa takarda, watau mai rajista. Shi za a aika wa, ko shi ya tuƙa ko ba shi ba. Sa'ad da aka fara a Hitro an sa fam 80, a rage zuwa fam 40 in an biya cikin kwana 14. A ƙa'idar da kamfanonin suka shimfiɗa wa kansu, wadda ta fara aiki ran 1 ga Oktoba 2024, kuɗin ba ya wuce fam 100.

MASU GUDU DA MASU BARCI

Mun lura jama'armu sun kasu biyu bisa wannan takarda. Na farko su ne masu tsoro. Da sun ga hoto da jan rubutu sai gabansu ya faɗi, su yi tsammani 'yan sanda ne, su biya nan take ba su tambayi kowa ba. Na biyu kuwa su ne masu cewa ai ba ta gwamnati ba ce, a jefa ta kwandon shara. Dukansu biyu sun kauce hanya.

Ga masu tsoro mu ke cewa, ku dubi kan takardar. Haruffan PCN iri biyu ne. In kalmar farko "Penalty" ce, wannan tarar hukuma ce, kamar ta hukumar gari, hanyarta dabam ce, ba ita mu ke magana a kai ba. In kuwa "Parking" ce, to, ta kamfani ce. Ba hukunci ba ne, da'awa ce, kamar yadda ɗan kasuwa zai aiko wa abokin cinikinsa takarda ya ce ina bin ka kaza. Babu ɗan sanda a ciki, ba a taɓa lasin tuƙi sabo da ita, ba kuma a rubuta mutum cikin masu laifi. Da'awa kuwa ana iya amsa ta, ana iya musa ta.

Ga masu barci mu ke cewa, ku ji labarin wani ɗan kasuwa irinku, Barry Beavis, mai sayar da soyayyen kifi da dankali. Ya ajiye mota a garin Chelmsford, a wurin da aka yarda a tsaya kyauta sa'a 2, ya ƙara kusan sa'a guda, kamfani ya nemi fam 85. Ya ƙi biya, magana ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli. A 2015 alƙalai suka ce ya biya, domin allunan sanarwa manya ne, a fili su ke, wanda ya shiga ya tsaya kuwa ya karɓi sharaɗin ke nan. Tun daga ran nan aka san kamfani na iya kai mutum kotu ya ci nasara. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

ƘAƘA ZA A YI?

Abu na farko, ran da takarda ta iso a rubuta kwanan wata a bayan ambulan, ko da boko ko da ajami, a adana su tare. Dukan sha'anin nan na ƙidayar kwanaki ne. Mutum na da kwana 28 ya kai kukansa ga kamfanin. Amma in ya kai cikin kwana 14 na farko ya fi, domin ko sun ƙi, a ƙa'idarsu sai su sake ba shi kwana 14 ya biya da rangwame. Kada a biya tukuna a ce za a yi afil daga baya, zama galibi wanda ya biya ya rufe ƙofar afil da hannunsa. Kada kuma a kira su ta waya a yi ta ba da labari. A rubuta, a ajiye kwafi. Baki shi ke yanka wuya.

Abu na biyu, a duba ko akwai hujja. In an biya, a nemo shaidar banki ko saƙon da aka aiko. In an biya amma hannu ya kuskure wajen rubuta lambar mota, ƙa'idar 2024 ta yi magana a kai: ƙaramin kuskure, kamar a sa sifiri maimakon harafin O, sai a soke takardar, babban kuskure kuwa, kamar mutum ya sa lambar motar matarsa, sai a rage zuwa fam 20. Haka nan wanda mota ta lalace masa a wurin, in ya nuna takardar makaniki. In an riga an sayar da motar kafin ran nan, a nuna takardar ciniki. In hoton ba na motarka ba ne, wani ya saci lambarka ya liƙa a tasa, sai a gaya wa 'yan sanda da DVLA. In alluna ba su fito sosai ba, ko wani abu ya kare su, a ɗauki hotonsu.

Abu na uku, in kamfani ya ƙi, magana ba ta ƙare ba. Kamfanonin nan ƙungiyoyi biyu gare su. Waɗanda ke cikin BPA, a takardar ƙin za su ba da lamba mai alƙaluma 10, a kai ƙara wurin masu sasantawa da a ke kira POPLA cikin kwana 28. Ba a biyan ko kwabo. In POPLA ta ba ka gaskiya, tilas kamfani ya janye. In ta ba kamfani gaskiya, rangwame ya wuce, sai cikakken kuɗi. Waɗanda ke cikin IPC kuwa nasu masu sasantawar IAS ne, wa'adinsu na rubuce cikin takardar ƙin. Sai mutum ya auna hujjarsa da kyau kafin ya zaɓa.

ƘOFAR MAI RAJISTA

Akwai wata hujja wadda ta fi duka ƙarfi a filin jirgi, yawancin mutanenmu kuwa ba su san ta ba. Asali, wanda ya tuƙa mota ya shiga shi ya karɓi sharaɗin allo, sabo da haka shi a ke bi. Amma na'ura lamba ta ke karantawa, ba ta san direba ba. Don haka a 2012 Majalisa ta yi wata doka, lauyoyi na kiranta POFA, mai aiki a Ingila da Wales. Ita ce ta hana kamfanoni ɗaure ƙafar mota, sa'an nan ta ba su iko su bi mai rajista in ba a san direba ba. Amma fa da sharuɗɗa. Ɗaya shi ne, in na'ura ce ta ɗauki hoto, lalle takarda ta isa hannun mai rajista cikin kwana 14. Ga amfanin ambulan ɗin nan da muka ce a adana. Na biyu, wanda ya fi shafar mu, ikon nan ba ya aiki a ƙasar da ke da dokokinta na musamman bisa tsayar da motoci. Manyan filayen jirgi irin Hitro da Gatwik kuwa suna da nasu dokokin, bisa wata dokar filayen jirgi ta 1986.

Ma'anar wannan ita ce, a irin wannan wuri direba kaɗai kamfani ke iya bi. Mai rajista kuma, doka ba ta tilasta masa ya gaya wa kamfani ko wa ya tuƙa ba. In ya so ya faɗa, nauyi ya koma kan direban. In ya so ya yi shiru. Wasiƙar ba ta bukatar tsawo, ko wane yaro mai Turanci zai iya rubuta ta. Abin da za ta ƙunsa ke nan: ni ne mai rajistar mota mai lamba kaza, na sami takardarku mai lamba kaza, wurin nan ƙasar filin jirgi ce mai dokokin kanta, dokar 2012 ba ta ba ku ikon bin mai rajista a nan ba, ba kuwa zan ambaci direba ba, ku soke, ko ku ba ni hanyar masu sasantawa. In ta intanet a ke cikawa, inda aka tambaya ko kai wane ne, a zaɓi mai rajista.

Gargaɗi biyu a nan. Kada a haɗa wannan da takardar 'yan sanda ta gudu fiye da ƙima. A can doka ta wajabta a faɗi direba, ƙin faɗa laifi ne mai taɓa lasin. Sa'an nan 'yan'uwanmu masu aikin taksi da motar haya, su takarda wurin mai motar ta ke fara zuwa, wani kamfanin hayar kuma ya kan biya ya cire daga asusun direba har da ladan wahalarsa. Sai su karanta yarjejeniyar hayarsu tun da wuri.

SHIN YA HALATTA?

Wannan ita ce tambayar da dattawa suka fi yi mana, ita ce kuwa ta fi fam 80 nauyi. Su kan ce, Malam, in ni na tuƙa, na kuma yi shiru, ban ci haƙƙi ba?

Ga abin da mu ke gani, Allah shi ne masani. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanci fiƙihu ya san wanda ya zo da da'awa shi ke neman shaidunsa, ba a ɗora wa wanda a ke nema ya tara wa abokin shari'arsa hujja. Dokar ƙasar nan ma haka ta tsara a wannan wuri, ba mu muka ƙaga ba. Mutumin da ya ce ni ne mai rajista, ba zan ambaci direba ba, bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Sabo da haka ba mu ce masa ya yi haram ba.

Amma tsakanin shiru da ƙarya akwai rami, mun kuwa ga waɗansu sun faɗa. Wani ya rubuta cewa ba shi ya tuƙa ba, alhali shi ne. Wani ya ba da sunan ɗan'uwansa da ya koma Ghana, don ya san ba za a same shi ba. Wannan shaidar zur ce, ga kuma ɗora wa wanda ba ya nan bashin da bai ci ba. Ran da bawan Allah nan ya komo Ingila, me za a gaya masa? Ramin ƙarya ƙurarre ne. Har wa yau, shiru na da iyaka. Kamfani na iya kai mai rajista kotu ya ce shi ne direba. In alƙali ya dube ka ya ce wa ya tuƙa, lokacin shiru ya ƙare, sai gaskiya, ko da za ta ci kuɗi. Wanda ya san ba zai iya tsayawa kan wannan ba, gara ya biya da rangwame tun farko ya huta.

Daɗin daɗawa, Musulmi mai cika sharaɗi ne. Wanda ya ga allo, ya sauke baƙonsa, ya manta, ya sani a ransa ainihin kuɗin saukewa na kansa. Abin da a ke jayayya a kai shi ne ƙarin da aka ɗora ninki goma. A ganinmu ya kyautu mai rajista ya ƙara layi guda a wasiƙarsa, ya ce a shirye ya ke ya biya ainihin kuɗin saukewa. In sun karɓa, madalla. In sun ƙi, ya fita haƙƙi.

MASU BIN BASHI DA KOTU

In aka yi banza da takarda, sai wasiƙun masu bin bashi su fara zuwa, su kan ƙara har fam 70 bisa kuɗin. Maganarsu da zafi, amma ba su da ikon shiga gida, ba su da ikon taɓa kayan kanti. Wannan iko sai bayan alƙali ya yanke hukunci an ƙi biya. Takardu biyu ne ba a wasa da su. Ɗaya ita ce wasiƙar da ke cewa za a kai ƙara, wadda ke ba da kwana 30 a amsa. Ɗayar kuma sammacin kotun bashi ne, shi kwana 14 ne, in an shaida wa kotu an karɓa sai ya zama 28. Wanda bai amsa ba, a yanke masa hukunci ba ya nan. Shi ne a ke kira CCJ. In ba a biya cikin wata guda ba, sunan mutum zai zauna a littafin masu bashi shekara 6. Ɗan kasuwa ya san abin da wannan ke nufi ran da zai nemi hayar kanti, ko gida, ko wata hulɗa da banki.

Kamfani na da shekara 6 ya kai ƙara. Mutanenmu kuwa masu yawan ƙaura ne daga wannan ɗaki zuwa wancan. Da yawa su kan sake adireshi a lasin tuƙi su manta da takardar mota, alhali ko wanne dabam a ke gyara shi a DVLA. Sai takardu su yi ta zuwa tsohon gida, har hukunci ya fito mutum bai sani ba. Wanda zai yi watanni a gida ko a Makka ya wakilta mai buɗe masa wasiƙu. Wanda sammaci ya same shi kuma ya tafi ofishin Citizens Advice na unguwarsa, shawararsu kyauta ce.

RIGAKAFI

Rigakafi ya fi magani. Duk ran da za a yi rakiya, tun a gida a ɗora wa mutum guda nauyin biya, ya rubuta lambobin dukan motocin, ya biya a ran nan, kada a bari sai gobe. Masu yawan zuwa su buɗe asusu wanda ke cire kuɗin da kansa. A lura da shafin da a ke biya, domin akwai 'yan damfara masu kwaikwayon na gaskiya, a bi adireshin da ke bisa allo. Wanda ba ya son biya sam, akwai hanya: filayen biyu suna da wuraren ajiye mota na nesa inda a ke saukewa kyauta, a Hitro kusan rabin sa'a, a Gatwik sa'a 2, bas kuma ya kai matafiyi ƙofa ba ko kwabo. Can ma an fi samun sukunin yin addu'a da sallama a natse. Tsofaffinmu masu shuɗin katin naƙasa an ɗauke musu kuɗin, amma sai an yi rajistar tafiyar, katin ba ya aiki da kansa.

Daga ƙarshe muna roƙon shugabannin ƙungiya su zaɓi samari biyu ko uku masu Turanci, su riƙa zama bayan sallar Juma'a suna karanta wa dattawa irin waɗannan takardu tun kwana 14 ba su cika ba. Dattawa kuma kada kunya ta sa ku ɓoye takarda ƙarƙashin darduma. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya raba mu da bashi da shaidar zur, amin.

Haza wasalam. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.